Gadi ko sana'ar kai? Ga sojan da ya ajiye kaki da rauni a jiki

Tambayar nan kusan duk sojan da ya kusa ajiye kaki sai ya yi ta, ko a fili ko a zuci, wato idan giratuti ya shigo in nemi aikin gadi in riƙa haɗawa da fansho ne, ko kuwa in zuba kuɗin a gona ko wata sana'a in zama ogan kaina. Ƙananan sojoji nake nufi fa, kofur da saje da samanja, ba manyan hafsoshi ba, su waɗancan lissafinsu daban ne, wani tun kafin ya fita an ajiye masa kujera a wani kamfani. Kuma ina maganar wanda ya fito da wani abu a jikinsa ne, ko harsashi ya taɓa shi a Arewa maso Gabas, ko motarsu ta taka nakiya a hanyar Damboa, ko kuma ba abinda ya same shi a fili amma shekara 35 na fareti da ɗaukar kaya da kwanan daji sun cinye gwiwa da ƙugu, ga hawan jini ga suga sun zo sun samu waje.

Yawancin mutane da kuɗi suke fara lissafin, nawa gadi zai kawo a wata, nawa gona zata kawo a shekara. Ni kam inaga jikin ya kamata a fara tambaya, wane irin rauni ne, me yake hana ka yi, sau nawa yake kai ka asibiti, kuma asibitin a ina yake. In ka amsa waɗannan da gaskiya rabin zaɓin ya yi kansa.

Abu ɗaya da ya kamata a sa a gaba shine soja ba kamar ɗan sanda ba ne a maganar fansho. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin nan na adashen gata da ake cirewa a albashi a kai wa kamfanonin fansho, nasu yana fitowa ne daga hukumar fanshon soja dake Abuja duk wata, toh kaga akwai ƙasa da mutum yake tsaye a kai ko da sana'a ta rushe. Amma kowa ya san abinda ya faru da darajar kuɗi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fanshon saje da da yake riƙe gida yanzu hatsi da magani kawai sun isa su gama da shi, shi yasa ma kake ganin 'yan mazan jiya suna zuwa su shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja akan haƙƙoƙinsu da alawus ɗin da ake bin gwamnati. Wato dai neman ƙari ba kwaɗayi bane, dole ce.

Gadi shine abinda yafi sauƙin samu, wannan ba musu. Kamfanin tsaro in yaga takardar sallama daga soja baya dogon bincike, mutum ya iya zuwa akan lokaci, ya iya rubuta rahoto, ya iya kallon mutum ya gane da abinda ya zo, ba sai an koya masa komai ba. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Najeriya ma tana da nata ɓangaren masu gadi da take turawa ofisoshi da makarantu. Baka taɓa giratutinka ba, ƙarshen wata akwai abinda zai shigo, kuma abinda mutane basu cika faɗa ba, gadi yana bawa mutum dalilin tashi da asuba ya goge takalmi ya fita. Wanda ya shekara talatin da bigila ke tashinsa, ranar da ya wayi gari ba inda zashi, ba wanda yake jiransa, wallahi wannan zaman kaɗai ciwo ne, akwai waɗanda suka fita da ƙarfinsu shekara biyu kacal kaga sun zama tsofaffi tuguf. A gadi kuma sau da yawa zaka samu abokin aikinka shima tsohon soja ne, kuna hirar Laberiya da Saliyo da Darfur, ba sai ka yi masa bayanin dalilin da yasa baka son zama ka bawa ƙofa baya ba.

Babbar ribar gadi a wajena ma ba albashin bane, garin da yake ajiye ka ne. Aikin gadi a birni yake, asibitocin da mai rauni yake buƙata suma a birni suke, asibitin sojoji na 44 a Kaduna, asibitin ƙashi na Dala a Kano, asibitin koyarwa na Maiduguri inda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe cibiyar yin ƙafar roba da gashin ƙashi, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sokoto. Inshorar lafiyar sojoji ta DHML tana ɗaukar masu ritaya, amma tsarin inshora shine akwai asibitin da ka zaɓa wanda sunanka yake can, in abu yafi ƙarfinsu su tura ka gaba da lamba, toh in kana zaune kilomita ɗari biyu daga asibitin da ka zaɓa katin nan kwali ne kawai a aljihunka, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi kuɗin maganin da zasu baka.

Yanzu ga inda gadi yake cizo. Awa 12 ne a mafi yawan wurare, shida zuwa shida, wani satin rana wani satin dare, in wanda zai canje ka bai zo ba ka zarce. Mai ƙafar roba ya san abinda nake nufi, dungulmin yana zufa a cikin kwas ɗin, wato ramin ƙafar robar da yake shiga, ga zafin Maris da Afrilu, fata ta fara salewa, in ta sale kuma dole a cire ƙafar a ajiye sai ta warke, kamfanin gadi kuwa ba ruwansa da wannan, ranar da baka zo ba an yanke. Kuma ita ƙafar ba abu bane na har abada, dungulmi yana ramewa ko ya canja, kwas ya daina zama daidai, bayan 'yan shekaru sai an sake ta ko an gyara, yawan tsayuwa kuma yana gaggauta hakan. Mutane suna kawo misalin Peacemaker Azuegbulam, sojan nan da ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram kuma yaje wasannin Invictus, wato gasar sojojin da suka ji rauni, a Jamus a 2023 ya ciyo zinare a ɗaga ƙarfe, eh gaskiya ne rasa ƙafa ba ƙarshen mutum bane, amma atisaye da mai horarwa da hutu a tsakani daban, tsayuwa a ƙofar banki daga safe zuwa la'asar kana danna ƙofa daban. Mai ciwon suga shima haka, ƙafarsa cikin but rufe yini guda, ɗan ƙaramin ciwo da bai ji ba saboda jijiyar ta mutu shine yake zama abinda ake yanke ƙafa akansa.

Sai aikin dare. Mai hawan jini da baya samun barci yadda ya kamata, magani baya kama shi sosai, wannan kowane likita zai faɗa maka. Amma wanda nafi jiye wa shine wanda ya dawo da firgita, wanda barcinsa dama rabi da rabi ne, mafarkin daji, ƙarar salansa ta fashe ya zabura ya nemi inda zai kwanta, fushi akan abinda bai kai ya kawo ba. Irin wannan in ka ajiye shi a geti cikin dare shi kaɗai da tocila ka mayar da shi bakin daga ne, jikinsa bai san cewa gidan wani Alhaji yake gadi a Nasarawa GRA ba, kunne a buɗe zuciya na bugawa har asuba, sai ya dawo gida ya kasa barcin rana saboda yara da hayaniya, daga nan ne wasu suke fara neman abinda zai sa su barci ko abinda zai hana su barci, tiramol da sauransu, kuma kowa a bariki ya san inda wannan hanyar take ƙarewa. Ga shi ba bindiga, dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana mai gadi mai zaman kansa riƙe bindiga, hukumar sibil difens ce ke basu lasisi, wato mutumin da ya saba da makami a hannu yanzu sanda ce da usur, wasu wannan baya damunsu wasu kuwa shine abinda yake hana su sukuni.

Albashin kuma kar a ruɗe ka. An sa hannu akan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba, kuma ko a manyan kamfanonin abinda bankin ko ma'aikatar take biya akan kowane mai gadi daban abinda yake isowa hannunka daban, ɗan kwangila ya cire nasa, an cire kuɗin yunifom, an cire na makara. Cire kuɗin mota kullum da abincin rana ka ga abinda ya rage. Akwai kuma maganar girma wadda ni bana rainawa, mutum ya riƙe filatun a daji, yau yaro ɗan shekara ashirin yana danna masa hon yana cewa Baba maigadi buɗe mana mana, ko matar gida ta aike shi sayo kati da wankin mota. Wani zai shanye yace ai neman halak ne, wani kuwa ranar da abin zai fashe ba kyau.

Shi yasa in akace gadi sai a tambaya wanne. Gadin makaranta da rana, akwai kujera akwai inuwa akwai hutun zango, wannan mai ƙafa ɗaya ma zai iya. Sufabaiza mai zagayawa a babur yana duba yara, ko mai zama a ɗakin kamara yana kallon allo, wannan ya dace da samanja kuma yafi kuɗi. Gadin banki da gadin gidan mutum da gadin sito cikin dare, waɗannan ni bazan bawa mai rauni shawarar su ba sai in ba yadda za'a yi.

Toh sana'ar kai fa? Daɗinta a bayyane yake, ranar da ƙugu ya riƙe ka kwanta ba wanda zai yanke maka albashi, ranar asibiti ka tafi ba sai ka roƙi oga ba, kuma abinda ka gina naka ne yaranka su gada, gadi kuwa ranar da ka daina zuwa ya ƙare. Masu zuwa cibiyar koyar da sana'a ta sojoji dake Oshodi a Legas kafin ritaya suna yin wata shida suna koyon kiwon kaji da kifi da ɗinki da walda da gyaran lantarki da sauransu, abu ne mai kyau, amma wata shida yana koya maka yadda ake yin abu ne, baya koya maka yadda ake sayarwa da yadda ake hana bashi, kuma nan ne soja yake faɗuwa. Mutumin da tun yana ɗan shekara ashirin albashi ne ke shigo masa, a duniyar da in ance a kawo abu ƙarfe bakwai za'a kawo, sai ya shigo kasuwa inda gobe insha Allah tana iya nufin bayan Sallah.

Noma shine mafarkin kowa, in koma garinmu in noma abinda zanci. In garinku lafiya lau ne kuma kana da gonar gado da 'ya'ya ko ƙanne da zasu yi aikin ƙarfi kai kana duba su, toh madalla, hatsin shekara a rumbu ba ƙaramin abu bane, fansho sai ya tafi a cefane da magani. Amma a duba abu uku. Kuɗin taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago duk a farkon damina suke fita, kuɗi kuma sai kaka, in ruwa ya ɗauke ko farashi ya faɗi lokacin girbi shikenan sai baɗi, noman rani kuma injin ban ruwa fetur yake sha sai dai in ka iya sa sola. Na biyu tsaro, a Zamfara da Katsina da gabashin Sokoto da Birnin Gwari da wasu sassan Neja tsohon soja a ƙauye ba ɓoyayye bane, kowa ya san an biya shi kuɗi, masu kai wa 'yan bindiga rahoto sun sani, su kuma mutanen gari suna ganin ga wanda zai ja musu 'yan sa-kai, mutum ya fito daga yaƙi da rauni a sake tura shi wani da bindigar toka ba albashi ba inshora. Na uku shine nisan asibitin nan da na faɗa, mai buƙatar gashin ƙashi duk sati ko ganin likitan ƙwaƙwalwa duk wata in ya koma ƙauye a hankali zai daina zuwa, ba don ya warke ba.

Kuma akwai dangi. Giratuti yana shigowa kowa ya ji ƙamshi, wannan auren 'yarsa, wancan rufin ɗaki, wancan ranta min zan biya da kaka, kai kuma ka daɗe baka gida kana jin kunyar cewa babu. A birni ma ana yi amma a gida abin yafi yawa nesa ba kusa ba.

Sana'o'in cikin gari su kuma kowacce da irin jikin da take so. Adaidaita sahu in kai zaka tuƙa, mai ciwon baya ko wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu ya manta da ita, ramukan titi kaɗai sun isa, mai saurin fushi ma haka, cunkoso da 'yan karota masu kula da titi da fasinja mai gardama akan canji, ba wurinsa bane. In kuma yaro zaka bawa yana kawo balas, ka shirya jin yau inji ya buga gobe an kama ni, shekara biyu mashin ɗin ya zama gwangwani. Injin niƙa ko markaɗe yana kawo kuɗi kullum amma wanda ƙarar atilare ta riga ta taɓa masa kunne, wanda yake jin wani shuuu ba dare ba rana, in ya zauna gefen inji sauran jin ma tafiya zai yi. POS da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida sun fi dacewa da mai matsalar ƙafa, a zaune ake yi, jarin ba mai yawa bane, kana cikin mutane ana hira, matsalarsu bashi da alat na ƙarya da kuma yadda kowane lungu yanzu akwai mai POS uku. Kiwon tumaki na turka don Babbar Sallah ko kaji kaɗan a bayan gida, wannan na ga yana yi wa masu firgita daɗi sosai, aiki ne mai tsari safe da yamma, ba hayaniya ba oga, kuma in an fara da kaɗan asarar ma kaɗan ce.

Abinda kawai zan roƙa, duk wanda yace kawo giratutinka a juya maka duk wata ana baka kaso kaza, gudu. An ga yadda MMM ta rushe da kuɗin mutane a 2016, an ga CBEX ma haka a 2025, kuma kullum masu kuɗin sallama ake fara nema domin an san a dunƙule suke zuwa. Ko da wanda ya kawo maganar kos met ɗinka ne, wanda kuka yi horon shiga soja tare tun daga Depot a Zariya, shima wataƙila cin sa akayi.

Wani zai ce ai akwai aikin gwamnati, dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 tace ma'aikatun gwamnati su ware kashi 5 cikin ɗari na ɗaukar aiki ga masu nakasa. Dokar tana nan, ga yaron da aka sallama da wuri saboda rauni yana da shekara talatin da takardar difloma ko digiri ya gwada ba laifi, amma kar ya zauna jiranta.

In ka matsa min in zaɓa, ga yadda nake gani. Wanda rauninsa a ƙafa ne ko baya, ko mai suga da ya fara jin ƙafarsa na dindiris, sana'ar zaune a cikin gari kusa da asibitinsa ta fi masa, gadi sai in na kujera ne da rana. Wanda jikinsa garau ne amma kansa ne bai dawo daga daji ba, shi gadin dare guba ne, komawa ƙauye ya kaɗaice shima guba ne, ya zauna inda zai ga likita, ya samu aikin rana cikin mutane ko kiwo, kuma zuwa Barnawa ko Kware ba hauka bane, hawan jini ma ai likitansa ake nema. Wanda kuwa tsufa ne kawai da gajiyar aiki, bai taɓa sayar da ko allura ba a rayuwarsa, ni nafi son ya karɓi gadin rana na shekara ɗaya ko biyu, giratutin ya fara da matsuguni in bashi da gida domin haya ita ke cinye fansho, ya ware na magani wanda ba'a taɓawa, sannan ya gwada sana'ar da ɗan abu kaɗan wanda in ya narke bazai hana shi barci ba, in ta kama ƙasa ya ajiye gadin. Mafi yawan waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu haka suka yi, kuma sau da yawa uwargida ce ke riƙe da shagon ko kiwon, domin matan bariki sun daɗe suna sana'a tun mijin yana daji, sun fi shi sanin kasuwa, a bata lissafin kawai ba abin kunya bane.

Kowanne ka ɗauka, takardun asibiti na lokacin aiki, musamman rahoton kwamitin likitocin da suka duba raunin suka rubuta cewa a bakin aiki ya faru, a yi musu hoto a waya a ajiye kwafi a wuri biyu, domin duk wata magana ta haƙƙin nakasa ko gyaran ƙafa nan gaba dasu za'a fara tambayarka, kuma kar a yi wasa da tantancewar 'yan fansho in an sanar. In kuma gadin ka zaɓa, kafin ka karɓi yunifom ka tambaye su a rubuce awa nawa ne, akwai dare ko babu, ranar asibiti ana yankewa ko ba'a yankewa, kuma sun yi wa ma'aikatansu rajista da asusun NSITF mai biyan diyya in an ji ciwo a wurin aiki ko basu yi ba. In manajan ya fara ce maka Oga ai mu nan 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba, ɗauki hularka ka gwada kamfani na gaba.